Sanarwar Bayan Taron Magina, Kafintoci da 'Yan Katako na Yawuri, Ngaski da Shanga Kan Tantance Itacen Rufi

Wakilan ƙungiyoyinmu daga Yelwa, Wara, Shanga da ƙauyukan bakin tafkin Kainji sun zauna a Yelwa kan yadda ake sayar da sandunan rufi, gofa da azara.

Taron ya lura cewa:

1. Tun bayan kammala madatsar Kainji a 1968, lokacin da aka tashi Gungawa da maƙwabtansu zuwa sababbin matsugunai, rumfunan kasuwa, rumbuna da ɗakunan da jama'a ke ƙarawa da itace ake ɗaga su.

2. Giginya, ƙirya da marke sun yi ƙaranci, an koma kan turare da darbejiya, galibi ɗanye, kuma da ido kawai ake ciniki.

3. Ƙarfin sanda yana ga kaurinta. Wadda ta ninka wata kauri tana ɗaukar kusan ninki 8 na nauyin da siririyar za ta ɗauka, in tsawonsu da irinsu ɗaya ne.

Don haka taron ya yanke:

1. A riƙa auna kaurin sanda a siririn kai, ba a gindi ba.

2. A ja igiya daga tsakiyar wannan kai zuwa wancan. In igiyar ta fita daga jikin sandar, ta karkace da yawa.

3. A raba sanduna kashi-kashi. Lamba ɗaya, mai koren fenti: busasshiya, miƙaƙƙiya, ba tsaga, ba babban ƙulli a tsakiya. Ita ce ta ɗaukar rufi. Lamba biyu, mai ruwan ɗorawa: ta rumfa da danga. Mai kogo, ko wadda ƙwaro ya huda har gari na zuba, ta murhu ce.

4. Azara ta fito daga baƙin ɓangaren waje na tsohuwar giginya. Farin ɓangaren ciki mai laushi ba ya jimre nauyi, gara kuma ba ta barinsa.

5. A ɓare bawo, a shanya a inuwa, a ɗaga daga ƙasa.

6. Babu mambanmu da zai sayi itacen da aka saro daga gandun dajin Kainji.

Muna roƙon Masarautar Yawuri ta mara wa wannan tsari baya a kasuwanni, Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Ibadan kuma ta gwada ƙarfin turare da darbejiyar yankinmu, mu sami ma'aunin da za mu dogara da shi.

Sa hannu:
Shugaban Taro
Sakataren Taro