Sabha: Shin ƙananan amfilifaya masu araha sun ci kuɗinsu?

A shagunan kayan lantarki na Sabha, babban birnin yankin Fezzan da ke kudancin Libiya, wata 'yar na'ura da ba ta fi tafin hannu ba ta fara ture manyan akwatunan ƙarfe da aka saba gani a masallatai da makarantun Islamiyya da gidajen biki. Ita ce ƙaramar amfilifaya, wadda 'yan Nijar ke kira ampli, wato na'urar da ke ƙara wa murya ƙarfi kafin ta isa lasifika. A jikin kwalinta ana rubuta Class D, da Faransanci kuma classe D, kuma akasari daga masana'antun ƙasar Sin ake kawo ta, musamman na birnin Shenzhen.

Batun ya shafi Hausawa mazauna wannan birni kai tsaye. Magina da teloli da masu aikin gona da suka fito daga Damagaram, Maraɗi, Tawa, Agadas, Kano da Katsina su ne ke haɗa kuɗi su sayi kayan sauti na masallacin unguwa, su ne kuma ke ɗaukar irin wannan na'ura tsaraba idan za su koma gida. Kuɗin gumi ne, don haka ya kamata a san abin da ake saya.

Me ya sa ta samu karɓuwa yanzu?

Dalili na farko shi ne wutar lantarki. Ko da yake an samu sauƙi a wasu shekarun baya-bayan nan, kudancin Libiya ya daɗe yana shan ɗaukewar wuta na sa'o'i masu yawa, musamman a lokacin zafi. Tashar wuta ta Ubari, mai ƙarfin megawat 640, wadda kamfanin ENKA na Turkiyya ya gina, da ɗanyen mai daga rijiyoyin Sharara take aiki. Su kuma waɗannan rijiyoyi an sha rufe su: masu zanga-zangar Fezzan sun tsayar da aikinsu a watan Disamban 2018, aka sake rufe su a watan Janairun 2024, kuma ƙarancin mai a kudu na cikin koke-koken da aka gabatar. A hukumance litar fetur dirhami 150 ce, amma idan gidajen mai suka ƙafe sai mai janareta ya biya ninkin-ba-ninkin a kasuwar bayan fage. Wannan ya sa jama'a da dama suka koma ga sola da batir, kuma duk na'urar da ke aiki da volt 12 ko 24 ba tare da ta zuƙe batir ba, kasuwarta ta buɗe.

Dalili na biyu shi ne darajar kuɗi. A watan Afrilun 2025 Babban Bankin Libiya ya karya darajar dinari da kashi 13.3 cikin 100, dala ɗaya ta koma kusan dinari 5.57 a hukumance. Duk kayan da ake shigowa da su daga waje sun ƙara tsada, shi kuma ɗan ci-rani da ke canza dinari zuwa sefa ko naira abin da ke isa gida ya ragu. A kasuwannin duniya ana samun waɗannan ƙananan na'urori masu gida na ƙarfe daga kimanin dala 30 zuwa 100, allon cikinsu tsirara kuwa daloli kaɗan ne.

Na uku, hanya. Tun da hukumomin sojan Nijar suka soke dokar 2015-36 da ta haramta jigilar 'yan ci-rani, a watan Nuwamban 2023, motoci suna bin hanyar Agadas zuwa Dirku da Tummo da Gatrun a fili. A bayan Hilux kowane kilo da kuɗinsa, kuma na'urar da za a cusa cikin jakar tufafi ta fi akwatin da sai mutum biyu sun ɗauka sauƙin tafiya.

Yadda take aiki

Tsohuwar amfilifaya, wadda masana ke kira rukunin AB, kamar famfo take da aka buɗe rabi: wuta na wucewa a matse, wani kaso ya zama sauti, sauran ya zama zafi. Shi ya sa take da ƙaton taransifoma da faffaɗan ƙarfen sanyaya, kuma a aikin yau da kullum kusan rabin wutar da ta sha, ko fiye, a banza yake tafiya.

Ita kuwa ta rukunin D kunnawa da kashewa kawai take yi, sau dubu ɗaruruwa cikin daƙiƙa ɗaya. Tsawon lokacin da kowace kunnawa ta ɗauka shi ne ke ɗauke da siffar muryar, sannan wata 'yar matata a bakin fita ta tace wannan kaɗawa, sautin ya isa lasifika. Da yake wutar ba ta tsayawa a rabi, kimanin kashi 90 cikin 100 na abin da ta sha na iya zama sauti idan tana aiki da ƙarfi. Harafin D lambar rukuni ce kawai da ta biyo bayan A da B da C.

Dabarar ta daɗe. Kamfanin Sinclair na Ingila ya fitar da irinta tun 1964, sai dai ba ta yi ƙarko ba. Kamfanin Tripath na Amurka ne ya nuna cewa mai araha ma za ta iya daɗin ji, kafin ya durƙushe a 2007. A yau zuciyar yawancin waɗannan na'urori wani ɗan baƙin gutsure ne da masu gyara ke kira aisi, kuma waɗanda suka fi shahara su ne TPA3116 da TPA3255 na kamfanin Texas Instruments. Kamfanoni irin su Fosi Audio da Aiyima da SMSL suna sayensu su gina musu gida.

Ga amfanin hakan a aljihu. A ƙaddara kwamitin masallaci yana da batir mai volt 12 da amfiya 100, wanda don ya daɗe ba a so a sha fiye da rabinsa. Idan ana buƙatar sauti na wat 20, sabuwar na'urar za ta ja kimanin wat 25, batirin ya kai sa'o'i 24 yana aiki. Tsohuwar za ta ja wajen wat 45, ya tsaya a kimanin sa'o'i 13. Ga mai tafsirin azumi a daren da babu wuta, wannan bambanci ba ƙarami ba ne.

Wat ɗin kwali da wat ɗin gaskiya

Inda ake yi wa mai saye sakiyar da ba ruwa shi ne wajen lambar da aka buga a kwali. Za ka ga an rubuta wat 500 ko 1000 a jikin na'urar da adaftar volt 12 ke kunnawa. Lissafin lantarki bai yarda da haka ba. Da volt 12, iyakar tsaftataccen sautin da irin wannan allo zai iya ba lasifika mai om 4 shi ne wat 18, idan mai om 8 ce kuma wat 9. Sai dai in akwai wani sashe a ciki da ke ɗaga ƙarfin wutar, kamar yadda ake yi a manyan amfilifayar mota, abin da ƙananan masu araha ba su cika samu ba.

Shi kansa kamfanin Texas Instruments ya ce TPA3116 tana bayar da wat 50 a kowane ɓangare ne idan an ba ta volt 21. Babbar yayarta, TPA3255, takan haura wat 300, amma sai da wajen volt 50, kuma a lokacin muryar ta riga ta fara dagulewa. Da yawa daga cikin na'urorin da ake tallatawa da wat 300 sau biyu, da adafta mai volt 32 da amfiya 5 ake sayar da su. A ninka 32 da 5, za a samu wat 160 kacal na ɓangarorin biyu gaba ɗaya. Na'ura ba ta iya fitar da abin da bai shige ta ba.

Saboda haka mai saye ya fara juya adafta ya karanta bayanta kafin ya kalli kwali. Idan ya ga haruffan PMPO kusa da lambar wat, ya san talla ce kawai. Lambar da ke tare da RMS ita ce ta fi kusa da gaskiya. Akwai kuma alluna da ake sayarwa da sunan TPA3116 alhali wata aisi ce mai rahusa aka ɓoye a ƙarƙashin ƙarfen sanyaya. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

To yaya sautin yake?

A nan ya kamata a yi wa na'urar adalci. Hausawa na cewa araha ba ta ado, amma wannan karon karin maganar ba ta kama ta duka ba. Idan aisin na gaske ne, adaftar mai kyau ce, kuma ba a murɗa ta har ƙarshe ba, muryar da take fitarwa tas take, kuma da wuya kunne ya bambanta ta da na'urar da ta ninka ta kuɗi sau da yawa. Karatun Alƙur'ani a ɗaki, wa'azi daga waya ta Bluetooth, waƙa a shagon tela ko na aski, duk wat 10 zuwa 20 sun ishe su.

Matsalolin suna fitowa ne ta gefe. Adafta mara kyau tana sa wani siririn ƙugi ko shuu da ake ji idan an yi shiru. Idan an matsa wa na'urar fiye da ƙarfinta, sai muryar ta dinga kakkaryewa, kuma wannan kakkaryewa ce ke ƙona ƙaramar lasifikar da ke fitar da siririyar murya. Mai kiɗan biki da ke son ganga ta girgiza ƙirji a fili ba zai samu biyan buƙata da mai volt 12 ba, domin kaurin sauti shi ne ya fi cin wuta. Masu sauraren rediyo a gajeren zango kuma za su lura cewa allo mara matata mai kyau yana cika tashar da hayaniya idan yana kusa.

Wani abin da ba a cika sani ba shi ne, ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa, ƙarin da kunne ke ji kaɗan. Kafin mutum ya ji kamar ƙarar ta ninka, sai an ninka wat wajen sau 10. Ke nan lasifika ta fi amfilifaya tasiri. Lasifikar ƙaho irin ta saman masallaci, da wat 1 za ta iya fin akwatin ɗaki da aka ba wat 10 ƙara. Wanda ke da kuɗi ƙalilan gara ya zuba mafi yawansu a lasifika mai kyau.

Masallaci daban, ɗaki daban

Kuskuren da ya fi jawo asara shi ne ɗaukar na'urar ɗaki a kai ta masallaci. Manyan amfilifaya irin na Ahuja ta Indiya da TOA ta Japan, waɗanda aka daɗe da sani daga Kano har Agadas, suna da wurin sa makirfo fiye da ɗaya, kuma suna da mafitar volt 70 ko 100 da ke tura murya ta doguwar waya zuwa lasifiku da yawa. Yawancin ƙananan masu araha ba su da ko ɗaya daga cikin biyun. Idan lasifikar ƙahon tana da ɗan taransifoma na layin volt 100, aka haɗa ta da ƙaramar na'ura, muryar ladan ba za ta wuce ƙofar masallaci ba. Idan kuma aka jera lasifiku uku ko huɗu a waya ɗaya, nauyin zai yi mata yawa ta dinga mutuwa.

Haka nan ba a haɗa baƙaƙen wayoyin hagu da dama wuri ɗaya kamar yadda wasu suka saba yi da tsofaffin na'urori, domin a wannan nau'in kowace waya da wuta a jikinta. Kuma kada a jona ta kai tsaye da faifan sola. Faifan da ake kira mai volt 12 yakan haura volt 20 da tsakar rana, ƙarfinsa kuma yana hawa da sauka, don haka dole wutar ta bi ta na'urar daidaita caji da batir.

Zafi, ƙura da mai gyara

A Sabha zafin bazara yakan wuce digiri 40, ga iskar gibli mai tafe da rairayi. Gaskiya ne na'urar ba ta zafi kamar tsohuwar, amma gidanta ƙarami ne, iska ba ta ratsa shi sosai. Idan aisin ya yi zafi fiye da kima yakan kashe kansa don kada ya ƙone, abin da kan faru ana tsakiyar huɗuba. Ajiye ta a inuwa, nesa da rufin kwano, tare da kakkaɓe ƙura lokaci-lokaci, yana ƙara mata kwana.

Sai batun gyara. Tsohuwar amfilifaya idan ta lalace, mai gyaran rediyo a Sabon Gari ta Kano ko a kasuwar Maraɗi zai cire taransistar da ta ƙone ya sa wata. Sabuwar kuwa ƙafafun aisinta sirara ne ƙwarai, manne da allo, sai da injin hura iska mai zafi ake cire su, kuma sau da yawa sayen sabon allo ya fi gyara sauƙi. Wanda ya kai ta tsaraba wani ƙauye a jihar Tawa ya sani cewa ranar da ta tsaya, mai yiwuwa ta tsaya ke nan. Ga matasa masu koyon gyara kuwa, a nan sabon abinci yake: wanda ya iya canza allo, ya iya lissafin volt da om, ya iya haɗa sola da kayan sauti, ba zai rasa aiki ba a kowane ɓangare na iyaka.

Idan aka auna duka, ƙaramar amfilifaya ta ci kuɗinta a ɗaki da shago da aji da ƙaramin zaure, musamman inda batir ne madogara. Masallaci mai lasifiku da yawa a waje da filin biki kuwa har yanzu suna buƙatar na'urar da aka ƙera domin wannan aikin, ko da za a ƙara wata guda ana tara kuɗi. Kafin kwamiti ya miƙa dinarinsa, ya tafi shagon da lasifikarsa da batirinsa, a haɗa a gabansa, a bar na'urar ta yi aƙalla rabin sa'a tana aiki da ƙarfin da za a riƙa amfani da ita. Ɗan kasuwar da ya san kayansa na da kyau ba zai ƙi wannan gwaji ba.