Wa Ya Ce Ba a San Shi Ba?

A 1967 wani saurayi ya jingine garmarsa a gonar doya bayan garin Lafiya, ya shiga soja don kada ƙasa ta tsage. A Oktoba, rundunar Murtala Muhammed ta yi yunƙurin ƙetare Kogin Kwara daga Asaba zuwa Anacha. Ruwa ya ci shi, ko kabari babu.

Da ire-irensa sojan Nijeriya ya tashi daga kimanin 10,000 zuwa 250,000. Amma kowace 15 ga Janairu sai mu ajiye wa "sojan da ba a sani ba" furanni. Ƙarya muke yi, mahaifiyarsa ta san shi! Manya sun sami tituna da barikoki. Shi kuwa, mu marubuta ko shafi guda mun hana shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.