Baki shi ka yanka wuya

Ƴan uwa na Dogon Dutsi da Tibiri, ku saurara, dokar ɓata suna ta sake.

Ga shekara ta 2010 gwamnati ta ɗebe ma ƴan jarida kaso bisa laihin ɓata suna, sai tara. Ga 2019 anka yi dokar intanet mai kaso, da ita anka tsare ƴar jarida Samira Sabu a Yamai ga 2020. Ga 2022 anka ɗebe kason. Ran 7 ga Yuni 2024 anka maido shi: shekara 1 zuwa 3, da tarar sefa miliyan 1 zuwa 5.

Dokar ga ba ta ƴan jarida kaɗai ba ta. Manomin da yas sa murya ga WhatsApp yac ce wane ya sace takin ƙungiya, tana iya hawa kainai.

Mutunci dukiya ta, babu gardama. Amma in tsoro ya ruhe bakin kowa, wa ka tambayar inda hatsin bankin cimaka yat tahi? Nan karatunmu ka amfani. Ku rubuta buhu nawa anka sa, nawa anka hidda, da ranar. Ran taro ku ɗauko takarda ku yi tambaya gaban shaidu. Jita-jita kau, ku bar ta ga kunne.