Idon Gura da Makomar Sana'ar Su a Fadamar Haɗeja

Nazarin sana'ar su a ƙasar Hausa ya fi karkata ga tattara sunayen kayan aiki: taru, birgi, mamari, gura. Ba kasafai ake tsayawa a kan ƙirarsu ba, alhali a ƙirar ne makomar sana'ar take.

A ɗauki gura, wadda masunta ke danganta asalinta da Mali. Ana tanƙwara tsumagu, a lulluɓe su da raga, a bar ƙofofin da kifi zai shiga ya kasa fita. Idan aka jera su aka datse mashigar ruwa, an yi dumba ke nan. Faɗin idon ragar shi ke yanke hukunci: in ya ƙanƙance, 'ya'yan karfasa da tarwaɗa ba za su ga baɗi ba.

Tun bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da kifi ke hayayyafa a cikinta ta ragu, kacala kuma ta toshe magudanu. Fadamar da ta ƙuntata haka ba za ta jure ƙaramin ido ba.

A Turai, masu kiwon murjani cikin akwatunan gilashi sukan yi muhawara kan siffar ɗan dandamalin da ake manna reshensa a kai, domin mai rai ne zai girma a bisansa. Gura, wadda abincin dubban gidaje ya rataya a kanta, ta fi cancantar wannan kulawa. Wajibi ne manazarta su zauna da sarakunan ruwa na Haɗeja, su auna, su zana, su rubuta dalilin kowace ƙira tun masananta suna raye.