Keken Ɗinki Da Keken Hawa: Darasin Tarihi Ga 'Yan Matan Dawanau

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Katsina da sanyin safiya, idan ya iso Dawanau zai tarar gari ya riga ya tashi. Tireloli na layin lodin masara da riɗi da waken suya a kasuwar hatsin da aka kafa a 1985, wadda ake lissafawa cikin mafi girma a Afirka ta Yamma. Zai ga magidanta a kan kekuna sun ɗauro buhu a baya, zai ga samari 'yan makaranta sun goyo juna. Zai kuma ga mata masu aikin tsintar zoɓo da gyaran riɗi, da 'yan mata cikin kayan makaranta, wasu a ƙasa suna sauri, wasu a bakin titi suna jiran A Daidaita Sahu. Abin da zai yi wuya ya gani shi ne ɗiya mace tana tuƙa keke. Mun saba da wannan har mun daina tambayar dalili, alhali kuwa ilimin 'ya'yanmu mata na cikin abin da ke biyan kuɗinsa.

Kalmar keke a Hausa tana da faɗi. Akwai keken ɗinki, da keken rubutu, da keken guragu, da kuma keken hawa, wanda wasu ke kira basukur ko laulawa. A cikinsu, keken ɗinki ne kaɗai al'ada ta amince ya zama na mace. Kusan babu gwamnatin da ta zo a Arewa ba ta tara mata a fili ta raba musu kekunan ɗinki da sunan tallafi ba. Wannan abin a yaba ne, domin ɗinki sana'a ce da ta rufa wa gidaje da dama asiri. Sai dai keken ɗinki yana amfanar mace ne a inda take zaune. Wadda buƙatarta ke nesa da gida, kamar ɗalibar da makarantarta ke wani gari, wancan keken na hawa take buƙata.

Tarihin wasu ƙasashe ya nuna irin aikin da wannan ɗan ƙarfe zai iya yi. Kekunan da aka taɓa yayi a Turai masu ƙatuwar ƙafar gaba ne, hawansu sai samari masu kasada. A 1885 wani Bature mai suna John Kemp Starley ya ƙera keke mai ƙafafu biyu kusan daidai wa daida da sarƙa, a birnin Coventry na Ingila, kuma shi ne kakan wanda muke hawa a yau. A 1888 John Boyd Dunlop ya fito da taya mai iska, hawa ya ƙara sauƙi. Cikin shekaru goma, matan Ingila da Amurka suka rungumi keke. Kafin lokacin, mace ba ta yin nisa sai da keken doki, wanda sai masu hali, ko kuma da namijin da zai kai ta. Da keke ya samu, malamar makaranta da ma'aikaciyar shago suka iya zuwa aiki da karatu da taro a lokacin da suka ga dama, ba tare da biyan ko kwabo ba. Har tufafinsu sai da suka sauya, domin manyan riguna masu nauyi da matse ciki na wancan zamani ba su tuƙuwa.

Shi ya sa a 1896 Susan B. Anthony, jagorar fafutukar nema wa matan Amurka 'yancin jefa ƙuri'a, ta shaida wa wata 'yar jarida cewa a ganinta babu abin da ya kai keke taimaka wa 'yantar da mata. Takwararta Frances Willard tana da shekara 53 ta koyi hawa, har ta rubuta littafi a kai a 1895. Masu adawa ma sun fahimci abin da keke ke nufi. A 1897, da aka kawo shawarar ba mata digiri a Jami'ar Cambridge, ɗalibai maza sun rataye mutum-mutumin mace a kan keke don nuna ƙin amincewa, kuma sai a 1948 jami'ar ta ba mata cikakken digiri. Wasu likitocin zamanin sun yi ta gargaɗin cewa keke zai lalata lafiyar mace har ya ɓata mata fuska, maganar da daga baya ta zama abin dariya. Ba muna cewa keke ne ya ba matan Amurka ƙuri'a a 1920 ba; wannan aikin shekaru ne na gwagwarmaya. Abin da ya yi shi ne rage musu nisa, wanda ke cikin manyan abubuwan da ke tsare mace a gida.

Mai karatu na iya cewa ai wannan labarin Turawa ne. To, ga misali daga ƙasar da talaucinta da al'adunta suka fi kusa da namu. A 2006 gwamnatin jihar Bihar ta Indiya, inda miliyoyin Musulmi ke zaune, ta fara ba duk yarinyar da ta shiga aji tara kuɗin sayen keke. Masana tattalin arziki biyu, Karthik Muralidharan da Nishith Prakash, sun bibiyi shirin, kuma binciken da suka wallafa a 2017 ya nuna cewa shigar 'yan mata sakandare a shekarun da suka dace ta ƙaru da kashi 32 cikin 100, tazarar da ke tsakaninsu da maza kuma ta ragu da kashi 40 cikin 100. Amfanin ya fi bayyana a ƙauyukan da ke nesa da makaranta. Ko a nan kusa, wanda ya taɓa zuwa Wagadugu ta Burkina Faso ya san mata na tuƙa keke zuwa kasuwa babu mai ɗaga ido ya dube su.

Mu a Kano, an daɗe ana tafka muhawara a kan yadda mace za ta yi tafiya, amma kullum a matsayin fasinja. A 2005 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta hana 'yan acaɓa ɗaukar mata, ta kawo babura masu ƙafa uku, waɗanda sunan shirin A Daidaita Sahu ya bi har yau. A Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a birni. An kuma samar da motocin kai ɗalibai mata makaranta, sai dai mota na buƙatar mai da direba da gyara, kuma ba ta shiga kowane lungu na karkara. Da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo. Uban da ke da 'ya'ya biyar a makaranta, idan kuɗin mota ya gagara, kowa ya san wanda za a fara cewa ya zauna a gida.

Ƙasar Dawakin Tofa kuwa kamar don keke aka shimfiɗa ta. Fili ne babu tsaunuka, garuruwa irin su Tumfafi da Kwa da Ɗanguguwa ba su da nisan a-zo-a-gani da juna, ga hanyoyin ƙasa sun ratsa gonaki. Firamare kan samu a kusa, amma sakandare sau da yawa sai an taka. Tafiyar da za ta ci wa yarinya awa guda a ƙasa, a keke ba za ta wuce minti ashirin ba. Bakanikan keke kuwa babu kasuwar ƙauyen da babu su, domin Kano gari ne da har masana'antar Raleigh ta taɓa zama a cikinsa.

Akwai dalilan da iyaye ke kawowa, kuma bai kamata a yi musu dariya ba. Na farko sutura. Amsarsa na hannun tela da maƙeri: akwai keken mata marar sandar tsakiya, ga wando a ƙarƙashin riga wanda dama yana cikin kayan makarantar 'yan mata, ga marfin sarƙa don kada hijabi ya laƙe. Na biyu addini. Wannan fagen malamai ne, amma abu ne sananne cewa matan farkon Musulunci sun hau raƙuma da jakuna, kuma a ƙasar nan jajis ɗin Nana Asma'u sun riƙa ratsa ƙauyuka suna kai wa mata karatu tun ƙarni na 19. Ya dace kuma a auna: yarinya ita kaɗai a kan kekenta, da yarinya a matse cikin abin hawa da baƙin maza, wanne ya fi kusa da kamun kai? Na uku camfin cewa keke na taɓa budurci, wanda likitocinmu ne ya kamata su fito su warware shi da Hausa a gidajen rediyo. Na huɗu, wanda ya fi kowanne nauyi, haɗarin titi. Babu mai hankalin da zai tura 'yarsa tsakanin tirelolin Dawanau. Dole a zaɓi hanyoyin ciki, yara su riƙa tafiya a ayari, a kuma sa jami'ai a wuraren tsallaka titi.

Shawararmu ga gwamnatin Jihar Kano, wadda ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024, ita ce ta gwada a ƙaramin mataki. A zaɓi makarantun sakandaren 'yan mata biyu ko uku a Dawakin Tofa, a zauna da dagatai da limamai da iyaye kafin a sayi ko keke ɗaya. A ba ɗaliban da suka fi nisa, malamai mata su koya musu hawa a cikin harabar makaranta, sannan a ƙidaya zuwa makaranta kafin shirin da bayan shekara guda. Attajiran kasuwar Dawanau, waɗanda hannun matan yankin ke gyara musu kayan da suke fitarwa ƙasashen waje, su ma suna da rawar takawa. Idan lissafi ya nuna babu amfani, a bari, asarar ba ta da yawa. Idan kuwa ya nuna akwai, to ranar rabon tallafi ta gaba sai a ajiye keken hawa kusa da na ɗinki. Allah Ya sa mu dace.