Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Ƙungiyar Editocin Nijeriya

Ranka ya daɗe,

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata ɗabi'a da na daɗe ina lura da ita a jaridu da gidajen rediyo, wadda ko dai masu jefa ƙuri'a suka koya daga gare ku, ko kuwa ku kuka koya daga gare su, Allah ne masani. Da zarar mudun shinkafa ya hau ko ya sauka, sai a rataya wa shugaban ƙasa alhakin abin dungurungum, ba tare da an tsaya an binciki sababi ba, alhali kuwa alƙalin da ya san fiƙihu ba ya yanke wa mutum hukunci don kawai an tarar da shi tsaye a inda ɓarna ta auku.

Ga hujja daga Amurka. A 1979, sa'ad da juyin juya halin Iran ya sa farashin ɗanyen mai ya ninka har da ɗori, tsadar kaya kuma ta riga ta kama ƙasar tun shekarun baya, Shugaba Jimmy Carter ya naɗa Paul Volcker ya riƙe babban bankinsu, shi kuwa Volcker, da yake doka ta ba bankin 'yancin zartar da hukuncinsa ko fadar shugaba ba ta so, ya ɗaga kuɗin ruwa har ya kai wajen kashi 20 cikin ɗari. Magani ne mai ɗaci, kuma irin wanda ba ya aiki nan take. A 1980 hauhawar farashi ta haura kashi 13 cikin ɗari, jama'a suka fusata, suka kayar da Carter, jihohi 6 kacal ya ci. Kafin 1983 ta ƙare hauhawar ta sauko kusan kashi 3, Ronald Reagan, wanda ya gaji Carter, ya lashe jihohi 49 cikin 50 a zaɓen 1984, aka dinga yabonsa kamar shi ya jiƙa maganin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. (Adalci dai ya wajabta a ce Reagan ya daure bai ture Volcker ba, har ya sabunta masa wa'adi.)

Mu ma nan gida mun ga makamancin haka. Gangar ɗanyen mai da ta fi dala 100 a tsakiyar 2014 ta faɗo ƙasa da dala 30 a Janairun 2016, kuma babu wanda ya shawarci Muhammadu Buhari kafin ta faɗo, ko da yake kansa aka sauke duk la'anar karayar arzikin shekarar. Ba wanke shi nake yi ba. Jinkirin kusan wata shida kafin ya rantsar da ministoci, da nacewa a riƙe dala a kan naira 197 bayan kasuwa ta daɗe da barin wannan farashi, waɗannan da hannunsa a ciki, kamar yadda cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 ya fito daga bakin Bola Tinubu, duniya na ji.

Roƙona gare ka, ranka ya daɗe, shi ne ka yi wa editoci nasiha: duk wakilin da zai kawo labarin tsada, a tambaye shi nawa gangar mai take a watan, wa ya yanke kuɗin ruwa kuma yaushe, yaya damina ta kasance, sa'an nan wace takarda shugaban ya sa wa hannu. In ya kasa amsawa, a mayar da shi ya ƙaro bincike kafin a buga.

Wassalam,
Wani tsohon mai karanta jaridunku