GAYYAR ZAMANI TANA NEMAN HANNUWA

Jama'a, a wannan mako muna so mu jawo hankalin masu ilminmu game da wata gayya da ake yi a intanet, wadda galibinmu muke cin tuwonta ba tare da mun riƙe fartanya ba.

A shekarar 1991 wani ɗalibi a ƙasar Finlan, mai suna Linus Torvalds, ya saki manhajar Linux kyauta, ya bar asirinta a buɗe domin kowa ya duba ya gyara. Dubban mutane suka sa hannu. Yau duk wayar Android da ke aljihunmu a kan wannan aiki aka gina ta. Haka nan Wikipedia, wadda aka kafa a 2001, masu aikin sa-kai ne ke rubuta ta. Ta Turanci ta haura maƙala miliyan 6 tun 2020, amma ta Hausa ko kusa ba ta kama ƙafarta ba.

To, laifin wa? Muddin ba mu rubuta tarihin Daura da Katsina da kanmu ba, baƙo zai rubuta shi yadda ya fahimta, na'urorin fassara su koyi gurguwar Hausa, 'ya'yanmu kuma su gaje ta.

Ba sai mutum ya zama injiniya ba. Malamin makaranta yana iya gyara ƙa'idar rubutu a Wikipedia, mai kyakkyawan lafazi kuma ya karanta jimloli a shirin Common Voice na Mozilla. Hannu ɗaya dai ba ya ɗaukar jinka. Allah ya sa mu farga.